Laima Mai Haƙarƙari Shida

Ni ke riƙe da littafin lissafi
a masana'antar laima ta Ruan Shoude,
can bakin kogi, gabas da Shaoxing,
inda ruwan sama ke zuwa ba sallama.
Shekara goma sha ɗaya ina jera lambobi,
har na san tarin kowacce kamar na 'ya'yana.

Yuan tara muke sayar da laima.
Sai Pang na tsallaken gada ya ce takwas.
Muka ce bakwai da rabi.
Ya ce bakwai, da jaka kyauta.
Ba wanda ya zagi wani.
A gidan biki ma tebur ɗaya muke zama,
kowa na zuba wa ɗan'uwansa shayi
da hannun da zai yanke shi gobe.

Haƙarƙarin laima takwas ne tun zamanin kakana.
Muka zare biyu.
Muka rage kaurin yadi har ana hango fitila ta cikinsa.
Muka ƙara wa matan ɗinki awa biyu,
ba mu ƙara musu ko cokalin shinkafa ba.
Tsohuwa Mi Guixiang ta tsayar da keke, ta dube ni:
"Lanfen, wa ke bin mu ne?"
Na duba shafi sama da ƙasa, babu amsa.
Jakin niƙa ne mu,
tafiyar yini guda, ƙafa ba ta bar ɗaki ba.

Ran nan takarda ta zo da jan hatimi.
Aka tara mu a zauren gunduma,
wani matashi mai farar riga ya karanta a hankali:
daga yau ba mai sayarwa ƙasa da abin da ya kashe,
gasar da ke cin naman kanta, a daina ta.
Shoude ya tafa har tafinsa ya yi ja.
Pang ma ya tafa, na ga idonsa ya kawo ruwa.
A hanyar gida muka sayi gasasshiyar agwagwa.

Ashe an tara wasu a wani zauren,
can babban birni, mai kujerun fata:
masu narka ƙarfe, su biyar kacal.
Su ma an ce su mayar da wuƙa kube.
Mutum biyar ba su da wuyar jituwa.
Suka kashe tanderu biyu, suka sha shayi,
kafin wata ya mutu kuɗin waya ya tashi.
Masu yadin roba, su huɗu, suka bi sahu.

Mu kuwa ɗari uku ne da ɗoriya a kwarin nan.
Wa zai fara ɗaga kai?
Manhajar da ke kai kayanmu gida-gida
ba ta zo taro ba, ba ta ga hatimi ba.
Wanda ya ƙara ko sisi
sai ta jefa shi shafi na arba'in,
inda ko ɓera ba ya leƙawa.
Pang ya rubuta tara a takardar da hukuma ke gani,
ya mayar da biyu ta ƙarƙashin tebur,
ya sa masa suna tukuici.
Ban ga laifinsa ba. Ni na rubuta namu.
Ƙarfe ta sama, manhaja ta ƙasa,
mu ne waken suya tsakanin duwatsu.

Jiya Shoude ya shigo bai zauna ba,
ya ce in gwada lissafin haƙarƙari biyar.
Na gwada. Ya fita.
Wannan ne abin da ya hana ni cin abinci.

Da yamma hadari ya sauko.
Na zari ɗaya daga kwalin da aka dawo mana da shi.
A tsakiyar gada iska ta juye ta,
ta koma kwano, tana tara abin da aka yi ta don ta kora.
Ga Pang daga wancan ɓangaren,
tasa ma ta miƙe ƙafafu sama.
Muka tsaya sharkaf muna duban juna,
ya yi dariya har ya dafa ƙarfen gada,
ni ma na yi.
Da ya share fuska, sai ya matso,
ya rage murya kamar mai neman hanya:
"Nawa za ku sa gobe?"